Wasiƙar Kunkuru a Kan Teburin Majalisa

Zuwa ga taubashiyata Aku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar nan taki? An ce har yanzu da ƙafa kike hawa benen Majalisa don kada a ce kin tsufa. Ki leƙa mini tsohuwata, Gwaggonki, ki duba ko tana shan maganin hawan jinin ko tana ɓoye shi a ƙarƙashin filo kamar yadda ta saba. Mu nan lafiya lau. Maman Auta tana gaishe ki. Auta ta shiga shekarar ƙarshe a karatun haɗa magunguna, ta rame kamar tsinke, ba ta da aboki sai littafi.

Na ji ki a rediyo kina yi wa Ministan Harkokin Waje ruwan tambayoyi. Na ce wa Maman Auta, wannan bakin da ya hana mu sakat muna yara, yau ga shi gwamnati na biyan sa albashi. Wanda ya sa miki suna Aku bai yi ƙarya ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na ji an ce yarjejeniyar turo ma'aikata da ke tsakanin ƙasarmu da ƙasar nan za ta zo gabanku don a sabunta ta, kuma kina cikin kwamitin da zai duba. Kin san ni ne malamin jinya a ƙaramin asibitin tashar jiragen ruwa, kuma ni kaɗai ne ɗan gida a cikin ma'aikatan asibitin. Duk yaron da aka turo daga wajenku, ta hannuna yake bi, ranar zuwa da ranar ciwo.

A takarda an ce kowa yana riƙe da fasfonsa. A ɗakin da ke jikin ɗakin wankin ciwo, inda firij ɗin alluran rigakafi yake, akwai wani kabad na ƙarfe mai ruwan toka. Fasfunan yaranmu suna ciki, an ɗaure su da roba rukuni-rukuni. Kullum na je ɗauko allura sai na gan shi, wani lokaci a buɗe. Tun a bakin ƙofa ake karɓewa, wai don kada su ɓata. Wanda ya ce zai koma gida sai a ce ya jira, ya yi ta jira.

Watan jiya igiyar ƙarfe ta injin ɗaga kaya ta datse wa wani yaro yatsu uku. Ni na wanke, ni na naɗe. Da na rubuta cewa a bakin aiki ya ji ciwo, Manaja ya dawo mini da takardar ya ce a gyara, a sa a masauki ya ji. Na gyara, Aku. Kafin ciwon ya kame an sa shi a mota an mayar da shi gida, babu diyya. Ba shi ne na farko ba.

Ba na son ki kira ni a waya a kan wannan. Wayar ta kamfani ce, gidan da muke ciki na kamfani ne, takardar zamana a hannunsu take, ta Auta kuma a jikin tawa take rataye. Ranar da aka soke tawa, ranar za a sallame ta daga makaranta. Shi ya sa na ba Direba wannan hannu da hannu, shi da yake kawo kaya yana komawa.

Na faɗa miki ne don ki san inda za ki matsa wa Minista. Ga ki da baki, ga ki da kujera.

Naki,
Kunkuru

Zuwa ga Kunkuru,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarka ta same mu lafiya. Gwiwa tana nan, ta ce a gaishe ka. Gwaggo da sauƙi, na kama ta da ƙwayoyi a cikin gwangwanin maɓallai, yanzu a gabana take haɗiyewa tana zagina. Ka gaida Maman Auta, ka ce wa Auta ta riƙa cin abinci.

Ka zauna kafin ka karanta sauran, don na yi ɓarna.

An kawo yarjejeniyar zaure. Minista ya zo da jakadu biyu a bayansa da fayil mai kauri, ya yi magana mai santsi a kan zumuncin ƙasashen biyu, da yawan matasan da suka samu aiki, da yadda sauran maƙwabta ke yi mana hassada. Da aka zo kaina na tashi da niyyar in yi tambaya daga kaina kawai. Na ce shin ma'aikatarsa ta taɓa tura wani ya ga inda fasfunan yaranmu suke kwana? Shin tana da adadin waɗanda aka dawo da su da rauni? Ya ko miƙe yana murmushi, ya ce ita siyasar waje ba a gina ta a kan hirar tasha, in mai girma 'yar Majalisa tana da abin da ya wuce jita-jita, kunnensa a buɗe yake. Ɓangarensu suka kwashe da dariya.

Ka san ni. Ban san lokacin da hannuna ya shiga jaka ba. Na zaro wasiƙarka na karanta wurin kabad da wurin yatsun yaron nan. Ban faɗi sunanka ba, ban faɗi aikinka ba, na tsallake maganar firij. Na ga Minista ya waiwaya yana raɗa da jakadunsa. Har na fara jin daɗi.

Sai wani tsoho a ɓangaren gwamnati, wanda rabonsa da buɗe baki a zaure tun bara, ya miƙe da ɗan littafin ƙa'idoji a hannu. Akwai wata doka da na sani sarai, zafin rai ya mantar da ni ita. Abin da mutum ya faɗa daga kansa nasa ne, ba mai tambayar sa takarda. Amma duk wanda ya karanto daga takarda a zaure, in aka nema, dole ya ajiye takardar gaba ɗayanta a kan teburin Majalisa. In ba zai ajiye ba, ya tashi ya janye abin da ya karanta, a share shi kamar ba a faɗa ba. Kakaki ya duba littafi ya ce tsoho ya yi gaskiya. Na nemi a bar ni in rufe suna da wasu layuka. Ya ce doka ta ce gaba ɗaya.

Bari in gaya maka abin da teburin nan yake nufi. Tebur ne na katako a tsakiyar zaure, Akawun Majalisa yana zaune a kansa. Abin da ya hau shi ya zama na kowa. A buga shi a kundin zama, 'yan jarida su ɗauka, ofishin jakadancin ƙasar da kake ya aiko a karɓar masa nasa kwafin. Wasiƙarka kuwa ba ta bar komai ba: malamin jinya, ɗan gida tilo a asibitin, 'yarsa a shekarar ƙarshe. Ko makaho zai lalubo ka.

Ga ɗaya gefen kuma, ba zan ɓoye maka ba. In na ajiye, dole kwamiti ya dakatar da sabuntawar, ya kira Minista ya zauna a gabanmu, a tura wakilai su buɗe kabad ɗin nan. In na janye, yarjejeniyar za ta wuce yadda take. Jagoranmu na adawa ya zo ofishina har sau biyu, ya ce ba mu taɓa kama gwamnatin nan a hannu irin wannan ba, in ba da takarda.

Allah ya taimake ni an tafi hutu. Kakaki ya ba ni zuwa ranar da za a dawo. Na ɗauki waya na ajiye ban san iyaka ba, ina tuna gargaɗinka. Wasiƙar taka ce, wuyan da ke ƙarƙashin wuƙa naka ne da na Auta. Ba zan ajiye ba sai ka ce. Ka ba Direba amsa a wannan zuwan, don Allah kada ka yi mini tafiyar kunkuru.

Taka,
Aku

Aku,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ina fatan tsohuwa tana lafiya.

Ban ga wani saƙo daga gare ki ba, Direba ma bai iso ba, amma labari ya riga shi. A rediyo muka ji cewa wata 'yar Majalisa ta karanta wasiƙa daga tashar nan, kuma an ce ta kawo takardar. Ina cikin naɗe wa wani ƙafa na ji maganar kabad mai ruwan toka tana fitowa daga rediyon mai gadi, da kalmomina, yadda na jera su. Bandejin ya faɗi daga hannuna.

Washegari Manaja ya tara mu, ma'aikatan asibiti da na ofis. Bai ɗaga murya ba. Ya ce kamfani yana jiran kwafin takardar daga ofishin jakadanci, in ta zo za a san wanda ya ci amanar gidan da ke ciyar da shi. Yana magana yana kallon kowa, amma ni na san inda idonsa ya fi daɗewa. An ɗauke kabad ɗin an kai wani wuri. An karɓe mini mabuɗin ɗakin firij, yanzu in ina son allura sai na aika.

Maman Auta ba ta sani ba tukuna. Auta tana ta haddar sunayen magunguna a tsakar ɗaki, tana ba ni littafi in riƙa yi mata tambaya. Ina tambayar ta ina tunanin ko za a bar ta ta kai ranar jarrabawa.

Na ce ki san inda za ki matsa. Ban ce ki ɗaga ni sama ki nuna wa duniya ba. Tun muna yara haka kike, abin da ya shiga kunnenki sai ya fito ta bakinki, sai dai da can iyakarsa a yi mini bulala. Shekarun da na yi ina sunkuyar da kai a ƙasar mutane don yarinyar nan ta samu abin riƙewa, kin ɗauke su kin saya wa kanki tafi a zaure. Raina ya ɓaci, Aku, ɓacin da ban taɓa yi da ke ba.

Na ba wani yaro da ake mayarwa gida wannan, ya yi alkawarin zai kai ofishinki. Ban san ko takardar ta riga ta bar hannunki ba. Tunda kin fara, ai sai ki ƙarasa.

Kunkuru

Zuwa ga Kunkuru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko ba za ka amsa ba. Kowa lafiya. Gwaggo ta yi mura ta warke. Ka gaida Maman Auta da Auta.

Yaron ya kawo wasiƙarka, da hannunsa na hagu ya miƙo mini, na daman yana cikin aljihu. Daga karantawa na gane tawa ba ta same ka ba. Na bincika, ashe motar Direba ce ta lalace a hanya, ya yi zaman jiran kayan gyara da wasiƙata a aljihunsa. In ta iso ka karanta ta, za ka ga ban ba kowa komai ba.

Abin da ka faɗa a kaina na karɓa. Magana zarar bunu ce, ni na zaro, ba wanda ya sa ni.

Amma layinka na ƙarshe ya wahalar da ni. Ka ce tunda na fara in ƙarasa. Hutu yana ƙarewa, Jagora yana kirana safe da yamma, yaron nan mai hannu a aljihu bai bar idona ba. Na yi ta karanta layin, kuma kowane karatu yana ƙara yi mini kama da izini. Na ce ai ga shi da rubutunsa, in an tambaye ni gobe ina da abin nunawa. Har na sa wasiƙar farko a cikin ambulan na rubuta sunan Akawu a baya.

Da ambulan ɗin a jaka na biya wajen Gwaggo kai mata magani. Ban gaya mata komai ba, na dai ce mun ɗan saɓa da kai, na karanta mata layin na ce me ɗanki yake nufi. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ke kin manta? In kika ƙwace masa lemo kika gatsa, ba ya kokawa. Sai ya tura miki sauran ya ce cinye duka. Daga nan ya zaga bayan ɗaki ya yi ta kuka." Ta ce duk ranar da ka ce a ƙarasa, ranar ce aka fi cutar ka. Na fito na cire wasiƙar daga ambulan.

Ranar da aka dawo, kafin a shiga komai Kakaki ya kira ni. Zaure a cike, benen 'yan kallo a cike, har da mutum biyu daga ofishin jakadancin nan da littattafan rubutunsu a cinya. Ya ce mai girma 'yar Majalisa za ta ajiye ko za ta janye? Akwai kalmomin da aka tsara, ba a ƙari ba a ragi, ba a yarda ka ce na janye amma gaskiya ce ba. Na tashi na ce, "Ya mai girma Kakaki, na janye abin da na karanta, ina kuma neman afuwar zaure." Na zauna. Ban taɓa yin magana mafi gajarta a ɗakin nan ba.

Minista ya miƙe ya yaba mini, ya ce dattako ne mutum ya gane kurensa. Wannan yabon ya fi dariyar ciwo. Kafin a tashi aka kaɗa ƙuri'a, yarjejeniyar ta wuce babu gyara ko ɗaya. Ba za a sake buɗe maganar ba sai wani ya zo da sabuwar hujja, a kan tebur.

Jaridu sun sa mini suna mai wasiƙar aljanu. Jagora bai yi mini faɗa ba, takarda kawai ya aiko cewa an ba wani kujerata a kwamitin harkokin waje, ni an mayar da ni kwamitin kula da ɗakin karatu da lambun Majalisa. In kana da shawara a kan furanni ka turo.

Ba na neman ka gode mini, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da nake so ka sani shi ne wasiƙarka tana cikin akwatina, ba wanda ya gan ta, kuma tunda duniya ta yarda ƙarya na yi, Manajanka ba shi da wanda zai nema. Auta ta yi karatunta. Amma na tsaya a gaban mutane na ƙaryata abin da na san gaskiya ne, kuma abin yana cina. Ban iya ɓoye maka wannan ba.

Taka,
Aku

Kunkuru,

Salamu alaikum. Lafiya muke. Gwaggo tana tambayar ka, na ce aiki ne ya yi maka yawa. Ban san sau nawa zan faɗi haka ta yarda ba.

Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Ya rantse ya ba ka wasiƙuna biyu a hannu, ka karɓa ka sa a aljihu ka ce ya gaida gida. Shi ke nan? In fushi ne ka rubuto ka zage ni, na fi gane wannan.

Yanzu a layin baya nake zama, kusa da ƙofa, inda sanyin na'ura yake dukan gwiwata. Daga nan ba na ganin fuskar Minista sai ƙeyar 'yan'uwana. Ana ta muhawara a kan wata sabuwar yarjejeniyar kamun kifi, na ɗaga hannu har ya gaji, Kakaki yana kallon wani wajen.

An buɗe ɗaukar sabon rukunin ma'aikata. Layin masu neman shiga ya zagaye ofishin ƙwadago har bakin titi. Ka tuna Tela, na kusa da gidan Gwaggo, wanda ya ɗinka mana kayan makaranta? Ya zo ofishina da ɗansa na biyu, wai in sa baki a ɗauke shi. Na rufe ƙofa na ce kada ya tura yaron nan, na gaya masa abin da zan iya faɗa. Ya saurare ni da ladabi har na gama. Sai ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ke da bakinki kika ce ba gaskiya ba ne. A rediyo muka ji." Na buɗe musu ƙofa suka tafi. Sun samu wani ya sa musu baki, sunan yaron ya fito.

In ya biyo ta hannunka ka duba shi. Dogo ne, yana da tabo a haɓa.

Aku

Zuwa ga taubashiyata Aku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, yaya gwiwa, yaya sanyin layin baya? Ki samu zane mai kauri ki riƙa rufe ta. Ina gaida maigidan da yara. Ki ce wa tsohuwa na ji labarin lemo, kuma ban yafe mata tonon asirin ba.

Wasiƙunki duka sun same ni. Ba fushi ne ya hana ni amsa ba, kunya ce. Na karanta wadda kika ce ba za ki ajiye ba sai na ce, na tuna abin da na rubuta miki kafin in gan ta, na rasa ta inda zan fara. Ga wani abu kuma da ya fi wannan. Ranar da rediyo ta ce kin janye, na ji daɗi. Manaja da kansa ya dawo mini da mabuɗin ɗakin firij yana dariya, yana cewa 'yan siyasarku sai a hankali, ni ma na taya shi dariyar. Da wannan bakin zan rubuto miki in ce me?

Auta ta gama. Sakamako ya fito, ta ci, takardar shaidarta tana hannunta, ba a ofishin kowa ba. Ranar da ta kawo ta gida Maman Auta ta yi ta shafa hatimin da yatsa. Wannan takardar ke kika saye ta da kujerarki, na gaya wa Auta haka, na gaya wa uwarta komai tun daga farko.

Sabon rukuni ya iso. Ni na auna su, ɗaya bayan ɗaya, nauyi da jini da ido. Ɗan Tela yana ciki, tun kafin in ga tabon na gane shi, tafiyar ubansa gare shi. Da ya ji harshena ya washe baki ya ce, "Baba, ashe akwai namu a nan." Na tambaye shi ina fasfonsa. Ya ce an karɓa a ƙofa don kada ya ɓata. An sa shi a ɓangaren injin ɗaga kaya. Kabad ɗin ma ya dawo wurinsa na da, kusa da firij, tunda ƙura ta lafa.

Kin ce ba a sake buɗe maganar sai da sabuwar hujja a kan tebur. A cikin ambulan ɗin nan akwai wata takarda daban. Shafi ɗaya ce. Babu gaisuwa a cikinta, babu gwiwa, babu tsohuwa, babu Auta. Ban taɓa rubuta miki abu ban tambayi lafiyarki ba sai wannan, har hannuna yana ƙaiƙayi. Akwai kabad, akwai yatsun yaron nan da sauran waɗanda na wanke wa ciwo, akwai takardun da aka sa ni na gyara kuma na gyara. A ƙasa akwai cikakken sunana da aikina da sa hannuna. Na rubuta ta ne don a karanta ta gaba ɗaya, tsohon nan mai littafin ƙa'idoji ba sai ya wahalar da ƙafarsa ba.

Na san yarjejeniyar ta riga ta wuce, na san yaran sun riga sun zo. Da na yi wannan tun farko, wataƙila ɗan Tela yana gida yana taya ubansa sa maɓalli. Na zaɓi 'yata, kuma in aka mayar da ni baya ita zan sake zaɓa, ba zan yi miki ƙarya ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, sai dai ba su faɗi wanda ake takawa kafin a iso ba.

Kada ki tsaya neman izinina a karo na biyu, kada kuma ki kai wa tsohuwa wannan ta fassara miki. Ba cinye duka ba ne. Ki ajiye.

Ba Direba ne zai miƙa miki wannan ba. In kin ɗaga kai, wadda ke tsaye a gabanki Auta ce, uwarta tana cikin mota da kwanukanta da keken ɗinkinta. Ki sauke su wajen tsohuwa kafin ki je zaure. Ni ban biyo su ba. In na taho kafin a karanta, Minista zai ce korarren ma'aikaci ne yake huce haushi, a sake yi miki dariya. Gara wakilanku su zo su same ni a bakin aikina da mabuɗin ɗakin firij a aljihu, in Manaja bai riga su ba.

Ki ɗaga hannu har Kakaki ya gaji da kallon wani wajen. In ya kira ki, ki ɗaga murya, daga layin baya ba a ji sosai. Rediyon mai gadi yana nan a kunne, ina ɗakin wankin ciwo, zan ji.

Naki,
Kunkuru